Kafin ƙungiyarku ta buɗe shafin Facebook ko gurup na WhatsApp, ku karanta wannan tukuna

Assalamu alaikum jama'a. Ni sakataren wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ne a nan Marwa, kuma tunda aka ga shafinmu ya ɗan zauna da gindinsa kusan kullum sai wani ya tare ni, ko daga kwamitin masallaci ko makarantar islamiyya ko GIC (ƙungiyar haɗin gwiwa) ta mata ko ƙaramin asibitin unguwa, yace malam ya kuka yi ne, muma muna so mu shiga. Na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya karanta ya tura ma shugabansa.

Bari in fara da abun da ya same mu. Shafinmu na farko yana nan har yau a Facebook, da sunanmu da hoton buhunanmu a bakin sito, amma duk cikinmu ba mai iya shiga. Ɗan wani memba ne ya buɗe mana, yaro mai hankali wallahi ba shi da laifi, da layinsa ya buɗe da imel ɗinsa, daga baya ya samu jami'a a Ngaundere ya tafi, aka sace masa waya, da yaje a dawo masa da layin sai aka tarar ashe da katin ɗan ƙasa na wani abokinsa aka yi rajistar fus ɗin, wato katin SIM, kuma abokin ya bar gari. Shikenan. Lambar da ke jikin shafin ta mutu, masu saye daga Duwala da Yawunde suna ta rubuto saƙo ba mai amsawa, wani ma da muka haɗu daga baya cewa yayi ya ɗauka ƙungiyar ta watse. Ranar da na kai ma shugabanmu labarin yayi shiru can yace, "Ɗana, hatimin ƙungiya a gidan wa yake kwana?" Nace a wurinka Baba Alhaji. Yace "To me yasa bakin ƙungiya ke kwana a aljihun yaro?"

Wannan tambayar ita ce duk abun da zan faɗa a nan. Shafi bakin ƙungiya ne, abun da ya fita daga cikinsa jama'a ba zasu ce wane ya faɗa ba, cewa zasu yi ƙungiya kaza ta faɗa. Don haka yadda ba ku barin hatimi da asusu a hannun kowa, haka shi ma.

Mataki na farko: ku zauna kafin a taɓa waya

A kira kwamiti, shugaba da ma'aji da sakatare da wakiliyar mata in akwai, a tambayi juna me muke nema a can. Ba wai don makwabta sun buɗe ba. Masu saye kuke nema? Membobi kuke so sanarwa ta riƙa isar musu? Masu tallafi kuke so su ga aikinku? Amsar ita zata nuna muku inda zaku shiga. In membobi ne WhatsApp ya wadatar, in mutanen waje ne to shafin Facebook. TikTok ku bari tukuna, yana cin mega yana cin lokaci kuma can ne aka fi saurin zamewa. Guda ɗaya da ake kula da shi ya fi huɗu da aka bari ciyawa ta cinye, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A wannan zaman kuma a ware kuɗin forfe, wato kuɗin intanet, na wata, ko jaka biyu ne ko uku, a rubuta a kaye, wato littafin ƙungiya. Wanda yake sa kredi daga aljihunsa don aikin ƙungiya wata rana zai ji shafin nasa ne, kuma da gaskiyarsa.

Mataki na biyu: makulli

Nan zan daɗe don nan ne muka ƙone.

Ku sayi layi sabo, MTN ko Orange ko Camtel duk wanda rezonsa ya fi kamawa a wurinku, 'yan uwanmu na Chadi kuma Airtel ko Moov. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya in kuna da takardunku, in babu to da katin shugaba ko ma'aji, mutumin da aka san gidansa aka san ba inda zai je, kuma a rubuta a kayen taro cewa layi mai lamba kaza na ƙungiya ne ko da yake da sunan wane aka yi rajista, kowa yasa hannu. Kada a jefa fus ɗin a akwati a manta, layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na rufe shi daga baya ma a ba wani lambar, don haka a riƙa sa masa kredi ana kira da shi. Da wannan layin za a buɗe imel na ƙungiya, da shi za a yi WhatsApp.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi a Facebook: sai a buɗe akawun irin na mutum a sa masa sunan ƙungiya ana ta neman abokai. Wannan ya saɓa ƙa'idar Facebook ɗin kansu, suna iya rufe shi kowane lokaci, abokai kuma in sun kai 5000 an tsaya, sannan dole duk mai aiki da shi ya san kalmar sirri guda, kaga in an yi ɓarna ba a san waye ba. Abun da kuke buƙata shi ne shafi, wanda a wayoyinmu na faransanci aka rubuta Page. Shi shafi ba shi da kalmar sirrin kansa, mutane ne ake ɗora masa ta akawun ɗinsu, kowa da iyakar ikonsa. Ku shiga Paramètres ku nemi Accès à la Page. Akwai cikakken iko, mai shi yana iya ƙara mutum ya cire mutum har ya goge shafin gaba ɗaya, akwai kuma iko na aiki kawai, ya sa rubutu ya amsa saƙo amma ba zai iya korar kowa ba. Cikakken iko mutum biyu, bai wuce uku ba, kuma dattawan kwamiti ne. Matashin da zai riƙa rubutun yau da kullum a ba shi na aiki. Ba rashin yarda bane, kare shi ne shi ma, don ranar da aka yi masa kutse ba za a tafi da shafin ba.

Nasan za a ce ai Alhaji bai iya Facebook ba. Ba sai ya iya ba. Namu shugaban har yau bai taɓa rubuta kalma ɗaya a shafin ba, mun zauna ne da shi aka buɗe masa akawun a wayarsa aka ɗora shi, shikenan makulli na hannunsa.

Sai kulle na biyu. A WhatsApp ku shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ku sa lamba shida da ku kaɗai kuka sani ku haɗa da imel ɗin ƙungiya. A Facebook ma duk wanda aka ɗora a shafi dole ya kunna nasa tabbacin mataki biyu, wanda yaƙi a sauke shi, don ta akawun ɗin mutum ɗaya ɓarawo ke shigowa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma ku faɗa ma kowa da babbar murya: kod mai lamba shida da ke shigowa ta SMS ba a ba kowa. Za a kira ka a ce daga ofishin tallafi ne za a saka ku a taron intanet, ko saƙo ya zo daga lambar aminin ka da aka riga aka sace yace na tura kod wayarka bisa kuskure dan Allah turo min, kana turawa WhatsApp ɗinka ya tafi, kafin magariba an bi membobinku ɗaya ɗaya ana roƙon kuɗi da sunanka. Haka saƙon da ke zuwa shafi da tambarin Meta, kamfanin da ke da Facebook, wai za a rufe shafinku cikin awa 24 in baku danna nan ba, kada a danna, tarko ne.

Kalmomin sirri da lambar nan shida ta tabbacin mataki biyu a rubuta a takarda, a sa a ambulan a liƙe, shugaba da ma'aji su sa hannu a bakin, a aje inda ake aje takardun ƙungiya.

In zaku yi WhatsApp ku sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Zaku sa sunan ƙungiya da lokutan aiki da hotunan kaya da farashi, da saƙon da ke amsawa da kansa in ba kowa kusa. Ana iya haɗa lambar da wasu na'urori har huɗu ta Appareils connectés, amma duk wata a duba wannan wurin, in an ga na'urar da ba a sani ba a cire ta nan take.

Mataki na uku: waye ke magana, waye ke dubawa

Mutum ɗaya mai rubutu, mutum ɗaya mai dubawa, kada su zama mutum guda. Mu mun raba abun da ake sawa kashi uku kuma takarda ɗaya ce tak muka rubuta muka manna a bangon ofis. Kashi na farko mai rubutu ya sa da kansa ba sai ya tambaya ba: gaisuwar Juma'a, tunatarwar ranar taro, hoton gona, barka da sallah. Kashi na biyu sai sakatare ko ma'aji ya gani: duk abun da ke da lamba a ciki, farashi, kwanan wata, adadin buhu, sunan baƙo da muƙaminsa. Kashi na uku sai shugaba ya ji da kunnensa yace to: maganar kuɗin jama'a, rasuwa, rikici da wata ƙungiya, duk abun da ya taɓa hukuma ko sarauta, da amsa ga wanda ya zarge mu.

Yadda muke yi ba wahala, akwai ƙaramin gurup na mutum huɗu, mai rubutu ya tura can tukuna, shugaba kuma tunda karatun boko ba sosai ba sai a karanta masa a murya ya amsa a murya. Minti biyar ne. Amma dan Allah shugabanni ku riƙa amsawa da wuri, in yaro ya turo sanarwar taron gobe kuka yi kwana biyu baku ce komai ba to ku ne kuka koya masa ya daina tambaya.

Me yasa na dage kan lambobi? Wata rana lokacin girbi aka sa farashin buhu a shafi, sifili ɗaya ya faɗi, kafin azahar waya ta ƙi yin shiru, wani dillali har ya ɗauki hoton rubutun yana yawo da shi a kasuwa yana karya ma membobinmu farashi. Mun gyara cikin awa ɗaya amma hoton ya riga ya tafi, magana zarar bunu ce.

Mataki na huɗu: ladabi

Ka rubuta kamar kana tsaye a gaban taro da rawanin ƙungiya a kanka. Sallama tukuna. Sunan babba da laƙabinsa, Lamido mai martaba ne, lawan da jauro da liman da fasto kowa a kira shi yadda ake kiransa a gabansa, sufurefe (wakilin gwamnati a gunduma) ko magajin gari in ya ziyarce ku a tabbatar da sunansa da muƙaminsa kafin a sa, kuskure a nan yana ɓata alaƙar shekaru. Ba barkwanci da sunan ƙungiya, wasan da kake yi da taubashinka ko tsakanin Bafillace da Babarbare a bakin shago yana da daɗi, amma a shafi wanda bai san wasan ba zagi zai gani.

Harshe kuma ku tuna inda muke. A Marwa da Garwa mutum zai yi maka Hausa ya juya Fillanci ya cika da faransanci, a Kusri da Njamena ga Larabci. Sanarwa mai muhimmanci mu mukan rubuta ta da faransanci gajere saboda hukuma da masu saye na kudu, sai a biyo da Hausa, sannan a yi murya da Fillanci a gurup don iyayenmu mata da dattawan da ba sa karatu. Muryar kada ta wuce minti ɗaya ko biyu, a fara da ainihin maganar, taro ranar kaza ƙarfe kaza a wuri kaza, sai gaisuwa mai tsawo ta biyo baya in ana so. Mutumin ƙauye da ya hau tudu yana neman rezo ba zai iya sauke muryar minti tara ba. Bidiyo ma haka, megan mutane kuɗi ne.

Gurup kuwa ku yi biyu. Ɗaya na sanarwa, a saita shi admin kaɗai ke iya rubutu. Ɗaya na tattaunawa ga mai so. Kada a jefa kowa a gurup ba a tambaye shi ba, musamman matan aure, don duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa, kuma mun ga inda aka ɗauki lambar baiwar Allah daga gurup ɗin ƙungiya aka riƙa damunta da dare har maganar ta kai ga mijinta yace ta fita daga ƙungiyar gaba ɗaya. In mata sun fi son nasu gurup da admin mace a yi musu. A kunna wurin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shigo, in linkin gurup ya bazu a sake shi. In kuma saƙo kawai kuke son aikawa ba tare da mutane sun ga juna ba akwai jerin aikawa da ke ɗaukar lamba 256, sai dai wanda ya aje lambarku a wayarsa kaɗai zai samu, ko ku buɗe tasha ta WhatsApp inda ba a ganin lambar mabiya. Dokar gurup a rubuta ta a sama: ba tallan kai, ba siyasa, ba saƙon nan na tura ma mutum goma, ba aika abu bayan ƙarfe goma na dare sai in rasuwa ce ko gobara.

Yanzu hoto. Wannan yana ci min rai sosai. Azumin da ya wuce na ga wata ƙungiya ta raba shinkafa, aka tsayar da wata tsohuwa aka ɗora mata ƙaramin buhu a hannu, mutum shida suka kewaye ta suna murmushi, ita kuwa ta ja gyalenta tana ƙoƙarin rufe fuska ta sunkuyar da kai, haka aka ɗauka haka aka sa. Tsohuwar nan tana da 'ya'ya da surukai da jikoki a makaranta, gobe abokan jikanta zasu nuna masa. Shinkafar zata ƙare a sati biyu, hoton yana nan. Na san masu tallafi suna son shaida, to a ɗauki kayan a jere, a ɗauki hannuwa, a ɗauki taron daga baya, a aika musu cikakken rahoto ta imel ba sai duniya ta gani ba. In dole sai fuska a tambayi mutum a gefe, da harshen da yake ji, kafin a miƙa masa kayan ba bayan ya karɓa ba, a faɗa masa inda hoton zai je, kuma ya sani ko yace a'a zai samu rabonsa. Yara sai da izinin iyaye, kuma ba a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da makarantarsa. Mara lafiya a gado, gawa, wanda hatsari ya rutsa da shi, ba a sawa ko da izini. Masu aiki da 'yan gudun hijira irin na Minawawo ko mutanen da suka baro ƙauyukan kan iyaka ta wajen Mora da Kolofata ku ƙara kula ninki biyu, fuska da sunan ƙauye na iya jefa mutum cikin haɗari na gaske. Haka jerin sunayen masu cin gajiya da lambobin waya da hoton katin ɗan ƙasa, ba a jefa su a gurup. Tun watan Disamba 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko ba doka amana ce.

Mataki na biyar: in an zage ku

Za a zage ku, ku sa wannan a ranku tun yanzu. Masu magana a ƙarƙashin rubutu iri uku ne. Mai tambaya a amsa masa a ranar, ko da cewa za a yi mun gani zamu bincika. Mai ƙorafi na gaskiya, wanda yace an auna masa buhu bai cika ba ko an cire sunansa a rabo, a amsa masa a fili da gajeriyar magana mai ladabi, a ba shi haƙuri a ce ga lambar ofis ya kira, sai a ƙarasa a waya ko ya zo a zauna. Kada a goge ƙorafinsa, gogewa ce ke sa mutum ya ɗauki hoto ya kai wani wuri yace kun ga suna ɓoyewa. Na uku mai zagi da ashar da neman fitina, shi ba a amsa masa, a ɗauki hoton maganar a aje, a danna Masquer a ɓoye ta, shi da abokansa zasu ci gaba da ganin abun amma sauran jama'a ba zasu gani ba, in ya dawo a toshe shi.

Mai rubutu kada ya amsa yana cikin fushi, ya aje wayar yayi alwala ya kai ma mai dubawa. Kuma membobi kada su yi dandazo su far ma mutum da sunan kare ƙungiya, wannan ya fi zagin muni.

Mataki na shida: jita-jita da doka

Wannan shugabanni ya kamata su ji da kyau don su za a fara kira. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukansa, sashe na 78, tace wanda ya yaɗa labari ta waya ko intanet kuma bai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba yana iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, da tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga ciki, in kuma don tada hankalin jama'a aka yi ana ninka hukuncin. A Disamba 2019 kuma an ƙara sashe a kundin laifuka kan cin zarafin ƙabila, kuma in mai maganar shugaban ƙungiya mai zaman kanta ne ko na addini ko na jam'iyya hukuncinsa ninki biyu ne. "Ni ma turo min aka yi" ba ta fitar da kowa.

Lokacin ambaliyar 2024 da ruwa ya ci Yagwa da gefen Logon, hotuna sun yi ta shigowa gurup ɗinmu, wasu na gaske wasu kuwa tsofaffi ne na wata ƙasa daban, kuma mai turowa da kyakkyawar niyya ya turo. Ƙa'idarmu yanzu ita ce shafin ƙungiya baya ɗaukar labarin da ba mu muka gani ba ko hukuma ta sanar. Labarin hari, ɓarkewar cuta, satar yara, an kama wane, ko da gaskiya ne ba aikinmu bane, mu albasa muke sayarwa. Admin yana da ikon goge saƙon wani a gurup kowa ya daina gani, yayi amfani da shi da wuri sannan ya kira mai turowar a waya ya yi masa bayani cikin mutunci, kada a kunyata shi a gaban mutane.

Siyasa kuma kowa da jam'iyyarsa a akawun ɗinsa, amma shafi ba ya ɗaukar hoton ɗan takara. Mai rubutu ya riƙa duba da sunan wa yake kafin ya danna, don sau da yawa mutum na zaton da akawun ɗinsa yake yabo ko suka ashe da sunan ƙungiya ya fita.

Mataki na bakwai: kuɗi

Lambar Orange Money ko MoMo guda ɗaya, wadda ma'aji ke riƙe da ita, a maƙala ta a saman shafi a kuma faɗa a taro cewa ba wata bayan ita. Ba a karɓar kuɗin ƙungiya ta lambar mai rubutu ko da sau ɗaya. In an yi gidauniya a sanar da abun da ya shigo da inda ya tafi, sunan mai bayarwa kuma sai in ya yarda. In kun ga wani ya buɗe shafi da sunanku yana karɓar kuɗi ku sanar da jama'a nan take, ku kai ƙararsa ga Facebook, ku kai takarda wurin 'yan sanda ko jandarma, hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet ma aikinta kenan.

Mataki na takwas: sa ido

Duk taron wata a ba shafi minti goma. Mai rubutu ya buɗe waya a gaban kwamiti a ga me aka sa, saƙo nawa ya shigo, nawa aka amsa, wane ƙorafi ne ya maimaitu, su waye ke da iko a shafi har yanzu. Kada ku ruɗu da yawan masu danna so, tambayar ita ce mutum nawa suka kira, buhu nawa aka sayar, memba nawa suka zo taro saboda sun ga sanarwa. Kuma a yaba ma yaron in yayi ƙoƙari, a ɗan ba shi na goro, aiki ne yake yi ba wasa da waya ba.

In an yi kuskure a gyara a fili, a rubuta cewa ɗazu mun sa kaza ba daidai bane ga daidai, a yi haƙuri. A WhatsApp ana iya gyara rubutu cikin minti 15, gogewa ga kowa kuma kusan kwana biyu ne, bayan nan sai dai sabon saƙo. Kada shugaba ya fito yace yaro ne yayi, a waje ƙungiya ce tayi, faɗan a cikin gida.

Kada kuma ku jefar da kaye. 'Yan uwanmu na Chadi sun ga yadda aka toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019, wata goma sha shida, a nan Kamaru ma yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma sun yi kusan wata uku ba intanet a farkon 2017. Ko ba wannan ba, wuta na ɗaukewa rezo na faɗuwa waya na faɗawa ruwa. Sunayen membobi da lambobinsu da na masu saye su kasance a takarda, hotuna masu muhimmanci a kwafe su a kwamfuta ko kati, sanarwar masallaci da rediyo da mai shela su ci gaba yadda suke.

Na ƙarshe shi ne ranar da wani zai sauka, ko zaɓe aka yi ko tafiya ta kama shi ko saɓani aka samu. A ranar, ba gobe ba, a zauna da shi a ɗora sabon mutum tukuna a tabbatar ya shiga, sannan a sauke tsohon daga shafi da gurup, a canza kalmar sirrin imel da lambar nan shida, a duba na'urorin da ke haɗe a cire nasa, a karɓi waya da fus, a rubuta sabuwar takarda a sabon ambulan a ƙona tsohuwar. Mu mun yi wannan a watan da ya wuce da mai rubutunmu ya samu aiki a Garwa, shi da kansa ya nuna ma ƙanwar da ta gaje shi inda komai yake, Baba Alhaji ya sa hannu a bakin ambulan ya mayar da shi akwati kusa da hatimi, aka yi masa addu'a aka raka shi tasha.